Lungun Gidan Burodi

Sabha, cikin watan Shawwal

Zuwa ga ɗiyata Sadiƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen gida duka. Yaya mahaifiyarki da ciwon ƙafarta? Ki ce mata ɗan'uwanta Zulkifli na Libiya yana gaishe ta, in dai ba ta manta da akwai shi ba. Ni lafiya lau, in ban da ciwon bayan nan da ke tashina kafin ladan.

Na san za ki yi mamakin ganin takardata. Rabona da ke tun kina yarinya a Matamai, kina rubuta lambobi da gawayi a bangon kakarki ana bin ki da tsintsiya. Yanzu an ce ke ce malamar lissafi a lise, wato sakandare, a Damagaram, har kin je Yamai kin ƙaro karatu. Kwantar da hankalinki, ba roƙo na zo yi ba. Na san halin dangi, in suka ga saƙon mutumin Libiya sai su ce ko ya mutu ko an kama shi. Ban mutu ba, ba a kama ni ba. Kaina ne ya tsaya, ina neman aron naki.

Ga yadda abin yake. Ni ne babba a cikin 'yan ƙasarmu da ke kwashe shara a wani ɓangare na unguwar Hajara. Wani Balarabe mai suna Mansour ne ya karɓi aikin daga hannun mutanen unguwa. Shi muke kira mudir, wato maigidan aiki. Motarsa tana tsayawa a bakin babban titi don lunguna sun yi mata ƙunci, mu kuma mu shiga da baro mu kwaso. Shi ya ba mu gidan da muke kwana, kuma in 'yan sanda suka tare ɗayanmu, sunansa muke faɗa a sake mu.

Muna da doka ɗaya a tsakaninmu, wadda muka tarar wurin waɗanda suka riga mu zuwa: ba ka fita ta lungun da ka shiga. Akwai samari marasa aikin yi da ke zama a inuwa. Lokacin da kake shiga kallonka kawai suke yi. Kafin ka dawo sun kira 'yan'uwansu, suna jiranka. Saboda haka kowa a cikinmu zagaye yake yi, ya shiga ta nan, ya ɓulla ta can, ya dawo wurin mota ba tare da ya taka lungu ɗaya sau biyu ba. Aikina shi ne in tsara wa kowa zagayensa yadda ba lungun da za a bari.

Da can abin ba wuya. Sai masu gidaje suka fara toshe lunguna don tsoron ɓarayi, wannan ya gina bulo, wancan ya kafa ƙofar ƙarfe ya yi mata walda, kowa da ra'ayinsa, ba mai shawara da maƙwabci. Tun bayan azumi gabashin unguwar ya gagare ni. Duk yadda na juya shi, sai in ga an maimaita wani wuri.

Abokin ɗakina Moustapha, mutumin Tasawa, ya ce tsoro ya yi mana yawa. Ya shiga gabas, ya komo ta inda ya shiga. Sun karya masa hannu. Tun ranar ba wanda ya sake shiga, ni kuma ba zan tura ɗan wani ba. Shara tana ta taruwa, ga zafi. Mudir ya ce in Babbar Sallah ta zo gabas yana haka, kayan cikin raguna suka haɗu da tsohuwar shara, mutanen unguwa za su ƙwace aikin daga hannunsa, shi kuma ya karɓi makullin gidansa daga hannunmu. Ban ga laifinsa ba, shi ma matsa masa ake yi. Amma a gaban mutanena ya ce mini, "Lunguna birjik a can, ka ce babu hanya? Tsufa ne ya kama ka." Abin da ya fi ci mini rai, ina tsoron ko gaskiya ya faɗa.

In karatunki ya taɓa irin wannan, ki nuna mini yadda ake yi. In bai taɓa ba, ki faɗa mini kai tsaye. Na rubuta da hannu na ɗauki hoto ne don ba na son muryata ta yi yawo a wayoyin dangi.

Kawunki,
Zulkifli

*

Damagaram

Kawu,

Na karɓi gaisuwarka da farin ciki. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Inna ta ce ba ta manta da kai ba, ta ce ai mutum ba ya manta wanda ya cinye mata kaza yana yaro ya ce shaho ne. Allah ya ba Malam Moustapha lafiya, ya tsare ku duka.

Karatuna ya taɓa wannan, Kawu, har ya zauna a kansa. Amma ba zan iya cewa komai ba sai na ga unguwar da idona, don haka za ka zana mini ita. Kada ka zana gidaje ko masallaci. Duk inda lunguna suka haɗu, ka sa ɗigo. Duk lungun da ya haɗa ɗigo da ɗigo, ka ja layi. Tsawonsa da lanƙwasarsa ba su dame ni ba. Lungun da aka toshe kada ka zana shi sam, ka ɗauka bai taɓa kasancewa ba. Ka sa alama a inda mota take tsayawa.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ka zana daga abin da ka tuna. Mutumin da ya daɗe a wuri yana ganin hanyar da ta riga ta rufe. Amma don Allah kada ka jefa kanka cikin haɗari saboda takarda.

Ɗiyarka,
Sadiƙa

*

Sabha

Malama Sadiƙa,

Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki. Ki ce mata maganar kaza shaho ne, har gobe.

Ga zanenki nan. Na yi yadda kika ce, ko da yake ban ga amfanin taswirar da ba gida ba masallaci ba. Na rubuta sunayen wasu wurare a gefe don kada ni kaina in ɓata a cikinta, kamar gidan burodi da wurin mai gyaran firiji. Da mutanena suka gan ni ina ja layuka, suka ce babba ya koma lakkol, a saya masa jakar 'yan makaranta.

Gabas na shiga ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Na sa farar rigata, ba baro, na bi ayarin masu komawa gida. Wanda ya sa farar riga ba a ganin shi ɗan shara ne. Na duba kowane lungu da idona. Kin yi gaskiya a abu ɗaya: akwai guda biyu da na rantse a buɗe suke, na tarar da bulo har ya bushe.

Hannun Moustapha yana ɗaure a wuya. Ba ya aiki, ba ya barin kowa ya huta, yana zaune yana gyara mana yadda ake dafa shinkafa. Ƙudaje sun yi yawa a gabas har mata sun daina shanya a waje. Jiya wata ta tare ni tana nuna mini tulin ledoji a ƙofarta. Ban fahimci rabin abin da ta faɗa ba, amma rabin da na ji ya ishe ni.

Ina jiranki.

Zulkifli

*

Sabha, cikin Zulƙida

Sadiƙa,

Ina fatan lafiya. Na ga alamar saƙona ya shiga wayarki, an kuma buɗe shi. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ban ji komai ba.

Ba na zarginki da mugunta. Kina da ɗalibai, kina da gida, kuma mace mai digiri biyu ba ta rasa abin yi da ya fi lissafin shara ba. Amma na ce miki tun farko, in abin ya fi ƙarfinki ko ya yi miki ƙazanta, ki faɗa. Kalma ɗaya ta isa. Da na san haka ne da ban sa farar rigata na yi ta leƙen lungunan mutane kamar ɓarawo ba.

An fara kawo raguna kasuwa. Mudir ya zo da wasu mutane biyu ya nuna musu gidanmu daga waje, bai shigo ba. Ni ma ban fita ba. Biyu daga cikin mutanena sun fara maganar wucewa arewa, su bi teku. Shekaruna a ƙasar nan ina hana yara wannan tafiya da cewa ga aiki, ga ɗaki. Yanzu ban san da me zan hana su ba.

Na yanke shawara. In Sallah ta matso ba abin da ya canza, ni zan ɗauki baro in shiga gabas da kaina. Abin da ya sami Moustapha in zai same ni, ya same ni. Ba don ki ji tausayi na faɗa ba. Na faɗa ne don wani a cikin dangi ya san yadda aka yi.

Zulkifli

*

Damagaram

Kawu,

Kada ka shiga. Na sa wannan a gaba da gaisuwa don kada ka yi fushi ka rufe takardar kafin ka kai gare shi. Yanzu kuma, ina wuni, yaya bayanka?

Na sauka lafiya, Kawu. An sami mace, an sa mata Soumaya. Ranar da zanenka ya iso, a ranar aka wuce da ni asibiti, kuma haihuwar ta zo da wuya, sai da aka yi aiki. Maigidana ne ya buɗe saƙon yana neman lambar Inna. Ban gaya maka ina da ciki ba, ka san ba a faɗa wa kawu irin wannan. Takardarka ta baya-bayan nan ta sa ni kuka, daga baya ta sa ni dariya, don Inna ta ce tun kana yaro haka kake, in aka yi jinkirin ba ka tuwo sai ka yi wasiyya.

Ga amsarka. Na kwafe zanenka a babbar takarda, ina jego ina dubawa, Inna tana faɗa wai zan lalata idona.

Ba tsufa ba ne. Abin da aka sa ka yi ba mai iya yinsa, ko kai, ko mudir, ko malamaina na Yamai. Ɗauki zanen, ka nemo layin da ka rubuta gidan burodi a gefensa. Ɗora babban yatsanka a kai ka rufe shi. Yanzu ka tashi daga wurin mota ka nemi hanyar zuwa gabas. Babu. Duk lungunan nan masu yawa na gabas junansu suke zagayawa. Waɗanda a da suke fita waje su ne aka toshe ɗaya bayan ɗaya, har ya rage wannan kaɗai. Yana da ɗan tsawo da lanƙwasa biyu, shi ya sa a ƙasa ba ya kama da wani abu na musamman.

A wurinmu irin wannan layi gada muke ce masa. Zagaye yana bukatar hanyar tafiya da wata hanyar dawowa dabam. Gada kuwa ita ce tafiya, ita ce dawowa, don haka ba zagayen da zai bi ta kanta. Duk layin da ba gada ba ne, dole akwai zagayen da ya ratsa shi. Na gwada sauran layukanka ɗaya-ɗaya da yatsa, duk lafiya suke. A kan wannan na rubuta kundin digirina, yadda ake rufe dukkan layuka da zagaye. Akwai ma tambaya mai wuya da malamai suka daɗe a kanta, ta yadda za a bi kowane layi sau biyu daidai, amma ita ma sharaɗinta na farko shi ne kada a sami gada. Ka ga kai da su a ƙofa ɗaya kuka tsaya.

Maganin ba a cikin takarda yake ba. Kana bukatar mafita ɗaya tak daga gabas zuwa waje, ko ta ina. Ba sai lungu ba. Masallaci mai ƙofa biyu, gareji, kango, duk abin da baro zai wuce. Da zarar an same ta, gidan burodi ya daina zama gada. Ka aiko mini inda take, in zana maka zagayen kowa.

Ka nuna wa mudir da yatsansa, ba da bakinka ba.

Ɗiyarka,
Sadiƙa

*

Sabha, bayan Babbar Sallah

Zuwa ga ɗiyata Sadiƙa, uwar Soumaya,

Barka da Sallah, barka da arziki. Allah ya raya ta, ya ba ki lafiyar shayarwa. Waccan takarda tawa ki yage ta, in kuma hoto ce ki goge. Na yi miki mummunan zato kina kwance ana ɗinke ki. Ki yafe. Mahaifiyarki kuwa ki ce mata na ji, zan rama.

Ranar da amsarki ta zo na zauna a bakin ƙofa na ɗora yatsa a kan gidan burodi. Na nemi hanya, na sake nema. Babu, kamar yadda kika faɗa. Ba a kwashe ko leda ɗaya ba a lokacin, amma na ci abinci har na nemi ƙari.

Na sami mudir a cikin motarsa. Ban ce komai ba, na shimfiɗa takardar a kan sitiyari, na kama yatsansa na ɗora. Ya ce, "Mene ne wannan, duba kake mini?" Na ce ya kai ni gabas. Ya ɗauki makullin mota yana bin layuka, ya shiga nan ya fito, ya koma can. Har ya ɗan ɗaga yatsan a ɓoye, na ce, "A'a, mudir, mayar." Daga ƙarshe ya zagi masu bulo tun daga kakanninsu. Bai ce mini yi haƙuri ba, Balarabe ba ya faɗa wa ɗan shara haka. Amma ya miƙo mini ruwan sanyin da ya saya wa kansa. Ya kuma bi masu toshe lungunan gida-gida yana roƙo. Kowa ya ce maƙwabcinsa ya fara buɗewa.

Awaki ne suka fitar da mu. Na tuna akwai wasu awaki da nake gani suna cin shara a gabas, kuma na sha ganinsu a wancan titin na masu sayar da tayoyi, wanda ba lungun da ya haɗa shi da gabas. Akuya ba ta tashi sama. Wata Juma'ar na sake sa farar riga na bi su. Suka kai ni wata ƙofar katako a jikin katangar lambun dabino. Lambun yana da wata ƙofar a ɗaya gefen, tana kallon titin tayoyi.

Mai lambun wata tsohuwa ce, Hajiya Hniya, baƙa kamar ni, haifaffiyar nan. Na gaishe ta da guntun Larabcina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, da Hausa, "Ɗan banza, ina kwana." Na kusa faɗuwa. Ashe kakarta daga wajenmu aka zo da ita tun zamanin raƙuma, kuma Hausar da ta bar mata duk ta gaisuwa ce da zagi da sunan abinci. Na yi mata bayani, na nuna takarda. Ta ture ta ta ce ba ta karatu.

"Shara za ka bi da ita ta cikin dabinona?"

"A rufe, Hajiya. Da buhu a kai."

"Ni me zan samu?"

Na ce busassun ganyen dabinon da suka cika mata lambu, mu za mu kwashe.

"Da kashin awaki."

"Da shi."

"Wanda ya karya wa yaronku hannu, na san uwarsa," in ji ta. "Ba ta da kirki ita ma. To ku wuce. Amma ƙofa a rufe ta. Akuyata ɗaya ta ɓata, kai zan ɗaure a turkenta."

Zagaye-zagayen da kika zana bayan na aiko miki wurin ƙofar sun zauna daidai. Na raba wa kowa nasa. Wata rana mu shiga ta gidan burodi mu fita ta lambu, wata rana mu juya, kuma mudir ya mayar da motarsa titin tayoyi, inda akwai jama'a. Mun gama kwashe tsohuwar shara ana jajibiri. Makulli yana hannunmu. Yaran nan biyu sun daina maganar teku, aƙalla a gabana. Ba na ruɗin kaina, duk abin yana rataye ne a ƙofar tsohuwa ɗaya mai saurin fushi, kuma mudir yanzu yana gaya wa mutane shi ya gano. Ya faɗa, ba komai.

Bari in gaya miki ranar farko. Da na tambaya wa zai fara shiga, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Sai Moustapha ya miƙe, hannu a rataye, ya ce shi zai yi gaba, wani ya tura masa baro. Na ce ya zauna. Ya ce ai ya san hanyar shiga, ta fita ce bai taɓa gani ba.

Na zagaya ta babban titi na tsaya a ƙofar lambu ta waje. Na daɗe a tsaye, ina ta karanta abin da ya zo bakina. Can sai na ji kukan tayar baro daga cikin dabino, sannan ƙofa ta buɗe. Moustapha ya fito a gaba, baro cike a bayansa, bakinsa cike da dabinon da Hajiya ta ba shi. Ya dubi titi hagu da dama, ya dube ni.

Ya ce, "Babba, me kake tsaye kana kallona? Rufe wa mutane ƙofa, mu koma mu ɗauko na biyu."

Ki shafa mini kan Soumaya. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Kawunki,
Zulkifli